Numfashin da Na Aro

Kwanakin baya 'yan makarantar koyon aikin lafiya da aka turo garinmu suka biyo ta ƙofar gidana da la'asar. Wani dogo mai agogo a cikinsu ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Baba Nomau, wai da gaske ne aikin da ka yi wa gwamnati kwanciya ce kawai?" Sauran suka toshe baki suna dariya. Na ce da gaske ne. Ya ce, "To Baba, in da sauran gurbi a sa sunana." Na taya su dariya, don maganar ta yi daɗi. Amma da suka wuce sai ta tsaya mini a rai. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, hannuna ba ya sauri, duk da haka na ce bari in zauna in rubuta muku yadda kwanciyar take.

Garinmu bayan gulbi yake, tsakanin Bukkuyum da Gummi. Yanzu kuna da gada, kuna da babura. A wancan zamani, in damina ta yi tsakiya gulbi ya kawo, masu fito sai su ja jiragensu kan tudu su kife su. Motar asibiti ta zo ta tsaya a wancan ƙetare, mu ga direba, ya gan mu, ba mai iya kai wa wani. Wanda sa ya soka, ko bindiga ta fashe masa a hannu, ko ya faɗo daga kan giginya a wannan tsakani, babban asibitin Gusau bai amfane shi da komai ba. Wanda ke zaune kusa da shi ne zai riƙe shi har ruwa ya janye. Ɗaure rauni aikin ɗan lokaci ne, kowa na iya koyo. Riƙe mutum kwana da kwanaki, da abin da ke cikin ɗaki ɗaya, shi ne aikin.

Ni da ɗiban ruwa da shara na fara a ɗakin shan magani. A nan na ga Hammadi. Bafulatani ne, saurayi, bijimin garkensu ya soke shi a bayan cinya, aka kawo shi ana tsakiyar ruwa. Ma'aikacin da ke nan lokacin ya wanke raunin, ya ɗaure shi tsaf, aka kwantar da shi kan gadon kara. Duk wanda ya leƙa ya ce yaya jiki, sai ya ce, "Jam tan," wato lafiya lau. Bai yi nishi ba, bai ɓata fuska ba. Kun san fulako, Bafulatani ba ya nuna ciwo gaban mutane. Mahaifiyarsa kuwa, Inna Wuro, ba ta shiga ɗakin ba ko sau ɗaya. Ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake. A bayan ɗaki ta zauna, ta jingina da bango, daidai inda kansa yake ta ciki.

Wata rana da azahar ina shara na ji numfashinsa ya sake. Ya zama gajere, mai sauri, a sama-sama, kuma a ƙarshen kowane ja akwai wata 'yar ƙara kamar an taka busasshen ganye. Can sai ya yi hamma, ya lashi leɓe, ya ci gaba. Ban san ma'anarsa ba, kunnena ne dai ya ɗauka, don ni tun ina yaro duk abin da na ji ba ya fita. Kafin la'asar sakaliya ya cika. Da aka ɗaga shi aka ga jini ya bi ta tsakanin kara ya sauka ƙasa, ƙasa ta shanye, kiyashi sun yi layi zuwa ƙarƙashin gado. Ta sama bandejinsa fari tas.

Bayan wannan da shekara guda aka kawo mana Saje Arzika, mutumin Anka. Ya yi aikin jinya a soja lokacin yaƙi, ya dawo da gurguwar yatsa da murya kamar ganga. Shi ya roƙa aka riƙa turo masa samarin da za a raba ƙauyuka, daga Anka da Gummi da Bukkuyum, su zauna wurinsa kafin damina ya koya musu riƙon mai rauni. Wata safiya ina bakin rijiya ina kwaikwayon muryarsa, ina ba matan gari dariya, ban san yana bayana ba. Mata suka watse. Na juyo, guga ya kuɓuce mini.

Ya ce, "Sake."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wasa ne."

Ya ce, "Na ce ka sake. To, yi mini tarin tsohon nan da ad da ciwon ƙirji." Na yi. Ya ce, "Yi mini matar da anka kawo jiya." Na yi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Daga yau ka bar tsintsiya. Kai ne majinyaci."

Kayan aikina ba su da yawa, amma kowanne sai da na wahala kafin ya zauna. Jini da farko na rago muka sa, ya yi wari, ƙudaje suka hana karatu. Sai na koma dafa zoɓorodo ya yi kauri, in kaɗa shi da ɗan garin rogo. Ina ɗura shi cikin mafitsarar rago da na wanke na busar, in huda ta da ƙaya, in sa ƙarƙashin cinya, in riƙa dannawa a hankali yadda zai ɗiga ba tare da kowa ya ga motsi ba. Toka da ɗan man gyaɗa nake shafawa a fuska da leɓe, in yi fari-fari kamar wanda jini ya ƙare wa. Sai ƙwallon goruba. Shi nake sawa a hammata. In na matse shi, mai taɓa wuyan hannuna sai ya ji bugun jini yana raguwa har ya ɓace. Saje ne ya koya mini wannan, ya ce wani soja malalaci ya taɓa yi masa.

Ku da kuke ganin sauƙi, ku gwada kwana biyu kan gadon kara ba motsi sai an juya ku. Ƙuda ya sauka a ido, ba ka kore shi. A ɗura maka ruwan gishiri da sukari cokali-cokali har cikinka ya kumbura. A tara maka kwalba ka yi fitsari gaban samari, su ɗaga ta sama suna duba launi da yawa, don Saje ya ce mutumin da fitsarinsa ya ɗauke yana kan hanya ko da yana hira. Sabon hannu ya ɗaure maka ƙafa har ta mutu, ba ka ce uffan. Salla kaɗai ke tashe ni, ita ma sai an fitar da ɗalibai waje.

Kwanciyata ta farko ihu na yi ta yi, ina birgima, ina kiran innata. Ɗalibai suka ji daɗi, suka yi ta kai da kawowa. Saje ya tsayar da su ya ce, "Wanga mai ihu da sauran ƙarfinai. Ba shi nika tsoro ba. Nomau, ba ka taɓa ganin wanda yam mutu shiru ba?"

Na ce na taɓa.

Ya ce, "Shi nika so."

Na rufe ido na nemo Hammadi. Ban sha wuya ba, kamar dama yana jira. Da na fara jan numfashin, ɗakin ya yi tsit. Ƙa'idar da Saje ya kafa ita ce: in ɗalibi ya gane, ya juya ni, ya gano inda jini ke zuba ya danne, sai in dawo da numfashin sannu a hankali har ya daidaita. In bai gane ba, in kai shi ƙarshe in tsaya. Saje ya ja mayafi ya rufe mini fuska, ya ce, "Kun kashe shi. Wa za ya hita ya gaya ma uwatai?"

Wata ranar kasuwa muna cikin wannan, ɗalibai suka kasa. Suka tambaye ni jiki, na ce jam tan, suka duba bandeji fari, suka koma hirarsu. Na kai numfashin ƙarshe na tsaya. Saje ya rufe ni. Ina ƙarƙashin mayafi sai na ji abu ya faɗi a bayan bango, ƙwarya ta fashe. Aka fita aka tarar da Inna Wuro tsaye, nono ya malale a ƙafafunta. Ta zo tallan nono ne, ta zauna hutawa a inuwar nan da ta sani. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi Saje ta ce, "Wancan da ke ciki, yaushe ya dawo?"

Saje ya juya ya kira ni. Ya sa na fito da tokata da zoɓona, na durƙusa na ce, "Inna, ni ne, Nomau mai shara. Koyarwa muke yi." Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Na san ka. Amma ba kai na ji ba." Ta tsince ɓallin ƙwaryarta ta tafi.

Na ce wa Saje na bar wannan numfashi. Ya ce shi ma bai ƙi ba. Amma kasuwa ta gaba sai ga ta, ta ajiye ƙwarya, ta jingina da bangon, ta aiko a tambaya ko yau ba a yi. Muka dubi juna. Saje ya ce in kwanta. Ranar wani ɗalibi ɗan Anka ya ga kiyashi sun nufi ƙarƙashin gado, ya leƙa, ya juya ni, ya danna. Na dawo da numfashin sannu-sannu, ya yi tsawo, ƙarar ganyen ta ɓace, har ya koma na mai barci. Wannan ɓangaren ni na ƙirƙira, don Hammadi bai kai nan ba. Da muka fito ta tafi, ta bar mana ƙwaryar nono cike a gindin bango.

Daga nan ta zama kamar ɗaya daga cikin kayan aikinmu. Duk ranar kasuwa tana nan. Ɗalibai suka sani, Saje kuma ya daina cewa wa zai fita ya gaya wa uwarsa, don ba ya bukata. In sun cece ni, akwai nono. In sun kashe ni, sai mu ji tashinta da takunta, ba ƙwarya a gindin bango.

Wanda ya fi kowa kashe ni shi ne Haliru, ɗan Gummi. Hannunsa ya fi na kowa kyau, in ya naɗa bandeji kamar rawanin ango. Amma ba ya iya zama. Da ya gama ɗauri sai ya fita shan iska. Har tsokanata yake: "Malam Nomau, don Allah yau ka daure ka rayu, ina marmarin nono."

In ce, "Ni ma ina so, likita. Kai ne ba ka bari."

Saje ya ce masa, "Kai tela ne, ba mai jinya ba. Kunnenka na ado ne?" Ya hana shi takardar tafiya, abokansa suka wuce, ya riƙe shi damina guda. Ya sa shi zama kusa da ni, idonsa ɗaure da ƙyalle, ba abin da zai yi sai saurare. Yini guda ina sauya masa numfashi, na mai zazzaɓi, na mai jin tsoro, na mai barci, sai in saka na Hammadi a tsakani ba sanarwa. Ya yi fushi, ya yi rantsuwa zai gudu, bai dai gudu ba.

Wannan damina ita ce ta muguwar shekara. Ciwon bushiya ya shiga shanu, ana wayar gari a ga garke kwance, ungulaye sun ƙoshi har ba sa tashi in ka wuce. Magani kuma ya yanke a ɗakunan shan magani. Kwalaben da ke kan katako duk wofi, bandeji sai mu wanke mu tafasa mu sake. Saje ya ƙetara zuwa Gusau roƙon abin da zai samu. Yana ƙetarawa aka kwana ana ruwa a gabas, gulbi ya kawo irin wanda tsofaffi suka ce sun manta rabonsu da gani. Ya rage daga ni sai Haliru.

A ranar aka kawo Sambo, ƙanen Hammadi, shi kaɗai ya rage wa Inna Wuro. Yana ƙoƙarin tayar da wani bijimi da ciwo ya kayar, dabbar ta zabura ta soke shi. A bayan cinya. Daidai wurin da aka soki wansa. Aka kwantar da shi kan gadon karan nan, don ba mu da wani. Inna ta zagaya baya ta zauna inda take zama.

Haliru ya yi aiki yadda aka koya masa. Ya sa na tafasa ruwa da gishiri, ya wanke raunin har sai da ya fitar da ƙasa da gashi. Bai ɗinke ba, ya cusa tafasasshen ƙyalle ya bar shi yana shan iska ta gefe. 'Yar allurar da ta rage ya raba ta kwana-kwana. Ruwan gishiri da sukari cokali-cokali, kunu in ya karɓa, juyi daga wannan gefe zuwa wancan, kwalba a ɗaga a duba. Ledar ƙarin ruwa guda ɗaya tak Saje ya ɓoye a cikin rufin ɗaki, ya ce ba a taɓa ta sai ranar da babu wata dabara. Kullum da safe in je bakin gulbi in duba karan da masu fito suka kafa, in dawo in ce ruwa bai sauka ba. Muna hango Saje a ƙetare, ɗan mitsitsi, tsaye kusa da mota.

Kwanaki suka tafi, zazzaɓi ya sauka, Sambo ya fara shan fura. 'Yan uwansa da suka cika tsakar gida suka koma wurin sauran shanunsu. Kowa ya saki jiki.

Ranar da abin ya faru da azahar ne, rana ta take, gari shiru, ko kaza ba ta motsi. Na je rijiya. Ina dawowa da tulu a kai, na kusa ƙofa, sai na ji numfashina yana fitowa daga cikin ɗaki. Gajere, mai sauri, da ƙarar busasshen ganye. Ga hammar, a daidai inda nake sa ta. Na tsaya da tulu a kai ina tunanin wa ya kwanta a wurina, alhali ga ni tsaye. Ta gefen ɗaki na hango Inna Wuro ta miƙe, ta manna tafin hannunta biyu a bango.

Sai na ji muryar Haliru a ciki: "Sambo, yaya jiki?"

"Jam tan."

"Ƙarya kake, ɗan Inna. Malam Nomau! Turmi!"

Wannan kira ne ya sake ni. Kafin in shiga ya riga ya kifa shi. Ta sama ba komai, amma ƙarƙashin gado ƙasa ta yi baƙi, kiyashi sun fara layi. Wata jijiya ce ta ɓalle a can cikin raunin. Ya fizge tsohon ƙyallen, ya cusa sabo har ƙasa, ya dunƙule hannu ya danna, ya hau da nauyinsa duka. Na mirgino turmi, na hau na zaro ledar nan daga rufi, sannan na ɗaga ƙafar gado na ɗora a kansa. Da hannu ɗaya ya nemi jijiya a hannun Sambo, ina riƙe masa, sai a karo na biyu ta samu. Na rataye ledar a ƙusa.

Daga nan ba abin da ya rage sai zama, abin da Haliru ya fi ƙi a duniya. Aka kira la'asar yana danne. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa, ina ba shi ruwa a baki kamar shi ne majinyacin. Na ce in karɓe shi, ya ce in an ɗaga hannu ko kaɗan an koma farko. Mu biyu a ciki, ita a waje, duk abu ɗaya muke saurare. Inuwa ta tashi daga ƙofa ta hau bango. Can ƙarar ganyen ta fara tsallake ja ɗaya, ta dawo, ta tsallake biyu. Numfashin ya ƙara tsawo. Ya bi hanyar nan da na ƙirƙira, mataki-mataki, kamar ya taɓa jin ina yi. Gab da magariba ya koma na mai barci. Da Haliru ya tashi, sai da na buɗe masa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sun ƙage.

Bai ƙara barin bakin gadon ba har ruwa ya sauka. Da masu fito suka yarda, muka ɗauki Sambo da gadon gaba ɗaya muka sa a jirgi. Saje ya tarye mu cikin ruwa har gwiwa, ya duba raunin, ya duba idon Sambo, ya dubi Haliru. Abin da ya ce kawai, "Tela, ka samu kunne." Sambo ya yi wata a Gusau ya dawo yana ɗingishi. Jikokinsa ne ke kawo nono gidan nan yanzu.

Bayan dawowarsa, wata ranar kasuwa, Inna Wuro ta zo. Ba ta zagaya baya ba. Ta yi sallama ta shigo cikin ɗakin, karo na farko, ta tsaya tana duban inda gadon yake. Ta ajiye ƙwarya a gabana ta ce, "Nomau, wancan da ke wurinka, ka sake shi ya tafi. Ya gama abin da ya zo yi."

Na ce, "To, Inna."

Da sababbin ɗalibai suka zo na kwanta, na rufe ido na neme shi, don in gwada. Babu. Na tuna yadda yake, ina iya faɗa muku da baki, amma ƙirjina ya ƙi. Na ci gaba da aiki shekaru da sauran numfashin da na tara, Haliru ya gaji Saje, ya riƙa ɗaure wa ɗalibansa ido. Amma wannan ɗaya bai ƙara zuwa da kira ba.

Sai dai mai ɗakina ta ce yana zuwa. Ta ce wani lokaci in na kishingiɗa a zaure bayan azahar, gari ya yi shiru, tana tsakar gida sai ta ji shi ta bango. Ni ban taɓa ji ba. Farkawa kawai nake yi in gan ni a kife, tana shafa tabarma tana duba ƙarƙashina, sannan ta koma wurin tukunyarta.

Don haka kai dogo mai agogo, in har kana son gurbin, ka zo da azahar ka zauna bayan zaurena ka jingina da bango. In ka ji shi, kada ka tambaye ni yaya jiki, don lafiya lau zan ce maka. Ka shigo ka juya ni.